Igiyar Mushe Habila

A lakwal ɗin da Habila yake koyarwa a Diffa, kowane malami da jaka yake zuwa, shi kuwa da igiya. Tsohuwar igiyar ɗaure buhunan tattasai ce, wani direba ya ba shi. Daga Dogondutsi ya zo yana saurayi, ɗan kwantaragi, ga shi furfura ta fara leƙowa bai samu lambar ɗaukar aiki ba. Ɗalibai Mushe suke ce masa, kamar kowane malamin boko a nan.

Kimiyya yake koyarwa, da ƙugunsa. Sai ya ɗaura igiyar a tsakiyarsa, ya miƙa bakinta biyu ga ƙartin ajin.

"Ni ne karbon. Goni, kai oksijen ne. Sha'ibu, kai ma. Oksijen makwaɗaici ne, kullum jan elektron yake yi wajensa. To, ku ja!"

Goni a gabas, Sha'ibu a yamma, ƙarfinsu ɗaya. Mushe na tsakiya, idanu waje, amma ko gezau.

"Kun gani?" in ji shi da siririyar murya. "Siffa a miƙe, ja ya kashe ja, babu rinjaye."

Sannan ya sa su koma gefe guda kamar bakin almakashi, su ja shi har ƙofa, yana ihu: "Siffa ta lanƙwashe, rinjaye ya fito!" Matarsa Hannatu ta gaji da ɗinke wanduna.

Sai aka ce insifekta zai zo, kuma abin da ya gani shi zai sa a ba Habila lamba ko a hana shi. Ranar, Goni bai zo ba, ya tafi bakin kogin Komadugu tsinkar tattasai. Habila ya duba ajin, duk sauran ramammu ne.

Insifektan, Malam Tsoho, dattijo ne mai kafaɗu kamar ƙofar sito. Ya miƙe ya naɗe hannun riga.

"Ba ni igiyar. Ina yaro ni nake ja wa gidanmu guga."

Sha'ibu ya matso kunnen malaminsa. "Mushe, wallahi sa'an babana ne."

"Yau oksijen ne."

"Ko oksijen ne, babba ne."

"Ku ja!" Habila ya ce, don kada maganar ta yi tsawo.

Malam Tsoho ya ja da gaske. Sha'ibu kuwa, da ya ga dattijo na wahala dominsa, sai ya saki igiyar ya durƙusa: "Sannu da aiki, Baba."

Habila ya tashi sama. Ya bi ta kan tebur, ya kwashi insifekta, suka zube tare a gindin allo. Habila na kwance ba motsi, takalmi ɗaya a ƙafa.

Daga baya wata ɗaliba ta ce, "Yau dai Mushe ya zama mushe."

Sai gawar ta ɗaga yatsa.

"Ku rubuta. Ko siffa a miƙe take, in gefe ɗaya ya fi kwaɗayin elektron, rinjaye na wajensa. Wa ya fi kwaɗayi a nan?"

"Insifekta!" ajin ya amsa baki ɗaya.

Habila ya rufe ido, ya yi ban kwana da lamba.

Malam Tsoho ya zaro hularsa daga ƙarƙashin Habila, ya kaɗe ta. "Da gangan ka shirya wannan?"

"Haka nake yi kowace shekara, ranka ya daɗe."

Sha'ibu ya buɗe baki, Habila ya harare shi daga ƙasa.

"Na sha ganin darasin nan a allo," in ji Malam Tsoho yana taɓa haƙarƙarinsa, "yau ne ya shige ni."

Kafin damina lamba ta fito. Abin da ya rage wa Habila shi ne, tunda ya ce kowace shekara, dole ya nemo dattijon da zai riƙe igiya. Yanzu tsofaffin unguwarsu in sun hango shi, sai kowa ya tuna yana da aiki a cikin gida.