Ranar da Aka Huda Tafkinmu

Har yau in na tuna da katafilar nan sai raina ya ɓaci, kuma rabin haushin kaina nake jin sa.

Ƙauyenmu yana tsakanin Dutse da Aujara, a kan rairayi, irin ƙasar da in ka zuba mata bokitin ruwa kafin ka juya ta shanye. Amma muna da tafki ɗaya a yammacin gari mai riƙe ruwan damina har cikin bazara. Shi shanu ke sha, a bakinsa mata ke wanki, da shi ake ban ruwan 'yan lambunan albasa. Mai kula da shi Baffa ne, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina maraya. Ba wanda ya naɗa shi, gadon aikin ya yi kamar yadda ya gaji shanunsa.

Duk shekara in ruwa ya ja baya, Baffa yakan kira gayyar yashe tafki. Maza su shiga da fartanya da kwanduna suna kwashe ƙasar da ruwa ya kawo, shi kuma yana tsakiya yana caka sandarsa. Da baƙar laka mai danƙo ta bayyana sai ya ɗaga murya: "Ya isa nan! Kada wanda ya taɓa baƙar." Daga nan a koro shanun gari su yi ta kewaya suna tattaka lakar har ta haɗe. Da muna yara mun ɗauka wasa ne ake yi da shanun.

Sai damina ta canza hali. A yi ruwa kamar da bakin ƙwarya kwana biyu, tafki ya tumbatsa, ragowar ruwan ya malale a banza, sannan a ɗauke ƙafa har gero ya fara yaushi. Tafkin ya soma ƙafewa tun bazara ba ta shigo ba. Lokacin ina aikin ofis a Dutse, ina zaune a unguwar Limawa, na halarci taron bita biyu kan sauyin yanayi, ina ji da kaina ƙwarai. Ni na rubuta takardar koke cewa a zo a ƙara wa tafkinmu zurfi. Ni na bi ta ofis ofis har takalmina ya cinye.

Ranar da katafila ta iso mata har guɗa suka yi. Injiniyan ɗan kwangila ya sauko da hular kwano da takarda a hannu. Baffa ya matsa kusa da shi cikin ladabi, ya ce, "Yallaɓai, ku faɗaɗa shi iya son ranku, amma don Allah kada ku wuce baƙar laka. Ƙarƙashinta rairayi ne zalla."

Injiniya ya yi murmushi ya ce, "Baba, an riga an auna. Abin da ke takarda shi za mu yi."

An auna a ina? A ofis, ƙarƙashin fanka! Ba wanda ya haƙa ko ramin kamu ɗaya ya ga abin da ke ƙasa. Amma maimakon in yi wannan tambaya, sai na ja hannun Baffa gefe, kunya ta kama ni wai yana ba ni kunya gaban baƙi. Na ce, "Baffa, ku bar su su yi aikinsu, abin da suka karanta ke nan." Ya dube ni ya ce, "To, ɗan boko." Ya koma gindin tsamiya ya zauna.

Kafin la'asar an tule baƙar lakar a bakin tafki kamar shara, farin rairayi yana ƙyalli a ƙasan rami. Bayan mako guda manya suka zo da manyan riguna, aka kafa allo, aka ɗauki hoto. Ina cikin hoton, ina dariya har kunne.

Damina ta zo tafki ya cika maƙil, na yi ta baza hanci. Amma kafin a yanke dawa ruwan ya zurare ƙasa tas, kamar an zuba shi a rariya. Gari duka ya koma kan famfon tuƙa-tuƙa guda ɗaya, mata da masu shanu suna cacar baki a kansa kullum. Lambuna suka ƙone. Baffa, wanda bai taɓa kwana nesa da shanunsa ba, ya haɗa su da na sauran mutane aka kora kudu neman ruwa.

Na koma ofishin da na kai koke. Aka ce an kammala aiki, an miƙa, an rufe fayil. Wani ma ya gyara zama ya ce mini, "Ai ka san sauyin yanayi ne." Wallahi da ƙyar na haɗiye abin da ya zo bakina. Yanayi ne ya tuƙo katafila?

Cikin bazara na je gida, aka ce Baffa yana tafki. Na same shi a ƙasan ramin da tsakar rana, shi da jakinsa. Yana farfasa busasshiyar lakar da aka tule, yana saukowa da ita a mangala, ya jiƙa ta da ruwan jarka, ya naɗe wando yana tattakawa da ƙafafunsa na tsufa. Abin da ya shafe bai wuce faɗin tabarma biyu ba.

Na tsaya daga sama na ce, "Baffa, ku yafe mini."

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Cire takalmin ka sauko. Shanun da za su taka sun tafi."

Na cire na sauka.