Mashigin da Sumana Ya Saya wa Taya

Na Allah muke, kuma can hanyar kowa ta nufa. Ranar Talata, 12 ga watan Agusta na 2025, cikin watan Safar, Allah Ya karɓi ran abokina Alhaji Sumana Yakuba, ɗan kasuwar shinkafa a nan Gaya. Ya yanke jiki ya faɗi a bakin mangazarsa, shagon da yake ajiye shinkafa, bayan sallar azahar, kafin a kai shi ga lokotoro rai ya yi halinsa. Da la'asar muka kai shi makwancinsa.

Sumana, mutane sun yi ta ambaton masallacin da ka rufa wa kwano da buhunan da kake fitarwa da azumi, kuma gaskiya suka faɗa. Ni dai duk lokacin da na ɗauki alƙalami, maganar taya ce ke zo mini. Ka yi mini afuwa, kai ka jawo.

Rumfata ta sayar da raga da ƙugiyoyin kamun kifi tana kallon mangazarka tun muna da baƙin gashi, kuma ban taɓa ganin mutum mai tambaya irinka ba. Kai ne ka tsare masunci kana son sanin ko kifi na barci. Kai ne ka roƙi lokotoro ya bar ka ka leƙa jininka a madubinsa. Da muna dawowa daga maƙabarta, wani ya ce da ni a hankali, bai sani ba ko ka bari an gama yi maka tambayar kabari kafin ka fara taka. Na yi dariya da hawaye a idona. Allah Ya ba ka ikon amsawa.

Wanda bai san ka ba zai ɗauka don ado ka sayi babbar motar nan katkat, baƙa wuluk, mai kujerun fata da sanyi kamar randa. Ba don ado ba ne, don Yaya Rakiya ce. Ita ce yayarka da ta goye ka bayan rasuwar mahaifiyarku, tana zaune a ƙauyenku, bayan fadama, idan an ratse daga hanyar Dioundiou. Da idonta ya tafi, babu irin roƙon da ba ka yi ba ta dawo Gaya, har ɗaki ka gina mata. Ta ce a can ƙafarta ta san inda randa take, ta san inda turmi yake, in ta zo birni ne za ta makance da gaske. Sai ka ce to, tunda ba za ta zo ba, kai za ka riƙa zuwa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ba ta da ɗa ko ɗaya a raye. Juma'ar nan ita ce abin da take jira daga mako zuwa mako.

Da rani babu matsala. Amma akwai mashigi guda a fadamar da in ruwa ya sauka yakan koma taɓo zalla, har amalanken shanu sai an tura. Motar ta zo daga Kwatano da tayoyinta na birni, sumul, masu ƙananan haƙora. Damina ta farko ina gefenka muka shiga mashigin, motar ta yi ta gurnani tana watsa laka, ta zauna daram a kan cikinta. Kafin a tara shanu a jawo mu, rana ta faɗi, muka juyo. Daga baya aka gaya maka Yaya ta dama fura, ta shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ta zauna har aka kira magariba, duk wanda ya wuce tana tambayarsa ko ya ga mota. Ban taɓa ganin magana ta soke ka kamar wannan ba. Kwana da kwanaki ba ka tambayi kowa komai ba, har na fara jin tsoro.

Da bakinka ya buɗe kuwa, Gaya ta shiga uku. Babu mai facin da ba ka zauna a bencinsa ba. Ka bi direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, a tasha, ka bi masu tarakta a gonakin shinkafa, har Bafulatani ka tsayar ka ɗaga ƙafar sansa kana duba kofato, kana son sanin me ya sa laka ba ta riƙe shi. Ni da ban iya tuƙa ko keke da kyau ba, ni ka mayar ɗan rakiya. A bakinka na fara jin cewa taya iri-iri ce kamar takalmi, akwai ta kwalta, akwai ta laka, akwai mai raba ƙafa tsakani. A bakinka na ji cewa in an shiga yashi akan rage mata iska don ta baje. Ban roƙi wannan ilimin ba, amma ga shi ina ɗauke da shi.

A lokacin ba a rufe gadar kan iyaka ba, sai muka ƙetara Malanville wajen masu tayoyin okaziyo, waɗanda aka fara morewa a Turai. Ka hango wasu guda huɗu masu zurfin haƙora, duk an tsattsaga su ƙanana-ƙanana. Ka danna da babban yatsa, ka ji roba mai laushi, ka ce ka samu. A hanyar dawowa ne idonka ya faɗa kan wani ɗan zane a gefensu, tsauni mai kai uku da wata 'yar fure a cikinsa. Mai faci ya ce tambarin kamfani ne. Ni na ce ƙila tauraro ne. Sai da 'yarka Nuriya ta zo hutu daga wurin aikinta a Dosso ta duba a waya, ta ce, "Baba, wannan ai tayar ƙanƙara ce. Ta ƙasar da sanyi ke daskarar da hanya."

Na jira in ga ɓacin rai, ban gani ba. Murna ka yi kamar wanda aka kawo wa baƙo daga nesa. Ka zagaya motar kana shafa su, kana tambayar Nuriya wace ƙasa ce, wa ya tuƙa su, yaya ƙarar ƙanƙara take a ƙarƙashin mota. Washegari ka aika wajen masu kifi aka sayo maka manyan dunƙulen ƙanƙara, aka jera a ƙofar gida, ka hau kansu da mota a hankali, wai bari su ɗanɗani gida. Rabin unguwa ya fito kallo. Tayoyin ba su ga wata daminar ba, zafin watan huɗu ya cinye haƙoransu tas. Ka sa aka yanka biyu aka yi wa rijiyar ƙauyenku guga, biyu ka ba wani mai kwalekwale ya rataya a gefe.

Daga nan zaɓi ya rage tsakanin iri biyu. Matarka Hajiya Hamdiyya da babban ɗanka Nasiru suna son mai raba ƙafa, wadda ba ta da ƙara a kwalta kuma ba ta shan mai. Hujjarsu mai ƙarfi ce, domin kusan duk tafiyarka a kan kwalta take, kuma kunya ce a ce mota irin wannan tana kuka kamar injin niƙa. Ni ma bayansu na bi. Ka saurare mu har muka gama, sannan ka dube ni ka ce, "Mamman, ni ba hanya duka nake saya wa taya ba. Wuri guda ne." Ka sayi ta laka, mai haƙora kamar na kada.

Mun sha ƙararta kuwa. In muna tafiya sai mun ɗaga murya muke jin juna, abin da bai hana ka tambaya ba. Amma tun daga ranar ba ka sake fashin Juma'a ba sai da ciwo ko tafiya. Kuma da yake motarka ce kaɗai ke ƙetare mashigin da damina, ta zama ta kowa. Ta ɗauko mai naƙuda, ta ɗauko wanda maciji ya sara, ta jawo motocin da suka kafe. Kujerun fatar nan sun ɗauki kaji da buhun taki, har Hajiya ta haƙura ta daina magana. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa shiga ba, ita ce wadda aka saya dominta.

Ranar da ka rasu labari ya isa ƙauye ta waya, amma babu wanda ya iya tunkarar Yaya da shi. Suka ce sai dai na gida su zo. An kwana ana ruwa, don haka da safiyar Laraba ni da Nasiru muka ɗauki motarka, shi ke tuƙi. Mun same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta ji tsayuwar mota, ta ɗaga kai, ta ce, "Yau ai ba Juma'a ba ce." Nasiru ya durƙusa a gabanta. Ta laluba kansa da fuskarsa, ta gane shi, ta gane abin da ya kawo mu, ta yi ta salati a hankali. Sannan ta ce a ɗauko mata mayafinta da carbinta, za ta je Gaya zaman makoki.

Na zauna kusa da ita a baya. Da muka iso mashigin, ruwa ya kai rabin ƙofa. Motar ta tsunduma, ta karkata, ta zame gefe, laka na dukan gilashi, Nasiru ya riƙe sitiyari yana haɗa gumi. Yaya ta damƙe hannuna. Sai da muka haye tudu ta sake ni, ta tambaye ni ko yau ne kawai wurin ya yi haka saboda ruwan jiya. Na ce a'a, Yaya, haka yake duk damina, wani lokacin ma ya fi haka. Ta tambaya ko nan kake bi duk Juma'a, zuwa da dawowa. Na ce nan ne, babu wata hanyar.

"Kullum in na tambaye shi hanya," in ji ta, "sai ya ce mini lafiya lau, Yaya, kamar tsakar ɗaki."

Haka muka shigo gari. Tana ɗakin da ka gina mata yanzu, tana koyon inda ƙofa take da hannu.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Sumana, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka sanya zumuncin da ya riƙe da wahalar da ya ɓoye a cikin ma'auninsa, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Hamdiyya, da Nasiru, da Nuriya da ƙannensu, da 'yan kasuwar shinkafa na Gaya, da mutanen ƙauyensu da na ƙauyukan bayan fadama. Ke kuma Yaya Rakiya, ban san kalmar da zan ba ki ba. Allah Ya ba ki haƙurin rashin ƙanen da kika goya, Ya sada ku a inda babu rabuwa. Mu da muka saura, Allah Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.