Yayata Mai Cokali

Shekara goma sha tara yayata ta yi tana ba marasa lafiya abinci a baki, har sunanta ya ɓace a asibitin, kowa Mai Cokali yake ce mata. Ba nas ba ce. Aikinta yana ɗakin da ake kwantar da waɗanda aka cire wa bututun numfashi. Ta ce min wanda bututu ya daɗe a maƙogwaronsa mance haɗiya yake yi, ruwa ya bi hanyar iska ya gangara huhu, wani ko tari ba zai yi ba.

Tana da tsarinta. Ta tayar da mutum zaune, ta sa ya sunkuyar da kai, ta ba shi cokali ɗaya na abu mai kauri, yatsunta biyu a wuyansa. Sai ta ce, "Ce aa." In muryar ta fito a jiƙe kamar ta mai kurkure baki, ta ajiye cokalin ke nan, ko za ka yi kuka. Mu ma a gida ba mu tsira ba. Ka ƙware da ruwa, ta zuba maka ido har ka ji kunya.

Bara aka kawo wani tsohon direba gado na huɗu, bayan kwana tara da bututu. Murya ta tafi, sai raɗa. Likita ya rubuta a saman gadon cewa kada a ba shi ruwa. Matarsa ta manne wa yayata.

"'Yar'uwa, ko kurɓa ɗaya? Dubi leɓensa duk ya tsage."

"Ki yi haƙuri, Inna, ruwan nan shi zai cuce shi." Ta koya mata jiƙa auduga ta shafa masa a leɓe.

Ran nan da rana yayata ta dawo daga wanke kwanuka, ta tarar da matar ta kafa masa kofi a baki, tsoho yana ta tari. Ta fizge kofin. Daidai nan babbar nas ta shigo, ta ga kofin a hannun yayata. Matar ta sunkuyar da kai, ta bar yayata da laifin. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe tsohon, ruwa ya taɓa huhu.

Aka ce za a bincika, in yayata ce ta ba shi ruwan, ta bar ɗakin. Na ce mata, "Yaya, ki buɗe baki ki faɗi gaskiya mana!"

"In tona tsohuwa a gaban 'ya'yanta? Bari ya samu murya, shi ya san wanda ya ba shi."

Haushi ya kama ni, har yau bai sake ni ba. Mako biyu tana kan tsohon, don babu wanda ya iya aikin kamarta. Cokali ɗaya, ce aa. Cokali ɗaya, ce aa. Ranar da ya iya cewa "sannu", da murnarta ta dawo gida kamar an yi mata haihuwa.

Sai babbar nas ta tsaya a bakin gadon, ga matar, ga 'ya'yansa, ga yayata riƙe da kwano.

"Baba, wa ya ba ka ruwa ranar nan?"

Ya dubi matarsa. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ɗaga yatsa ya nuna yayata.

"Ita ce."

Yanzu ɗakin wanki take, tana ninke zanen gado. Ba ta kai ƙara ba, ba ta zagi kowa ba, ni ce na yi ta zagin a madadinta. Sau ɗaya tak ta yi min maganar. Ranar ina tsefe mata kai ne.

"Kin san abin da ya fi ci min rai?" ta ce. "Yana faɗa ina sauraron muryar. Tas ta fito, ko ɗigon jiƙa babu. Har na ji daɗi kafin na gane abin da ya ce."