Keken Surfanin da Taubashina Ya Bar Mini

Shekara goma sha ɗaya muna aikin surfani ni da taubashina, ɗan kawuna, a wani ɗaki mai ƙofa ɗaya kusa da tashar Dogon Dutsi, kuma duk tsawon lokacin ban taɓa shakkar wane ne kan sana'ar ba. Ni ne. Ni na yi lakwal, wato makarantar boko, har na koyar da yara lissafi da zane kafin alli ya ishe ni in aje shi. Ni ke zana zayyana a takarda da kompa da abin jan layi, in bi zanen da allura ina hudawa, sannan in shimfiɗa takardar a wuyan riga in goga bula da kananzir, zanen ya sauka a kan shadda. Shi kuwa sai ya hau keke ya bi abin da na zana da zare. A ganina aikinsa bai wuce na ɗalibin da ke kwafe darasi daga allo ba. Ban taɓa faɗa masa haka ba, don ina da tarbiyya. Tunaninsa kawai nake yi kullum.

Sai kawu ya rasu, gandu ya faɗo a kan taubashina, shi ne babba. Ya tattara iyalinsa ya koma ƙauyensu wajen Gesheme gab da faɗuwar damina. Ranar da zai tafi ya shafa kan keken ya ce da ni, "Mushe, ga amaryarka nan. Ba ta son tsawa, kuma ba ta jin Faransanci." Mushe yake kirana, kamar yadda ake kiran kowane malamin lakwal a wajenmu, sai dai a bakinsa kalmar ba ta taɓa fitowa da ladabi ba.

Na iya tuƙa keken, ba laifi. Nakan karɓe shi idan aiki ya yi yawa gab da salla, in yi bakin hannu da bakin aljihu. Saboda haka ban ga abin tsoro ba. Wanda ya gani shi ne maƙwabcina, wani matashin ɗan kasuwa mai sayar da salula, mutum mai natsuwa da gajeren wando. Ɗakinsa ya yi masa kaɗan, yana son nawa ya haɗa. Ya ce mai gidan da muke haya ya yarda in dai na yarda, kuma ya san wanda zai sayi keken. "Baba, babu gaggawa," in ji shi, "zuwa tsayuwar wata dai in ji matsayarka." Kowace safiya yana gaishe ni da kyau, idonsa yana auna bangona.

Babban aikin da na fara yi ni kaɗai na wani Alhaji ne daga Kore Mairuwa, mai fataucin wake, tsohon mai kawo mana ɗinki. Ɗansa zai yi aure, ya kawo farar shadda, ya ce a yi masa irin aikin da muka yi masa shekarun baya, mai babbar da'ira a ƙirji. Takardar tana nan, don ba na zubar da zayyana, kowace da kwanan watanta a cikin kwali. Na sauke zanen, na hau keke, na bi layin bula kwana huɗu ban kauce ko da faɗin gashi ba. Da na gama na ɗaga rigar a hasken ƙofa, da a ce ɗalibina ne ya yi ta da na rubuta masa yabo da jan alƙalami.

Alhaji ya zo ranar kasuwa ya zura rigar. Da'irar da na fitar da kompa ta hau tumbinsa ta zama ƙwan zabo, ta kuma karkace ta nufi hammatarsa ta hagu kamar tana neman mafaka. Wuyan ya tattare.

"Mushe," ya ce, yana duban ƙirjinsa, "wanga mi ne ne?"

"Zayyanarka ce, Alhaji. Ita ce dai ta da."

"Ta da? To ga ta da." Ya jawo tsohuwar rigar daga jakarsa ya jefa mini a tebur. "Waccan in na sa ta mutane tashi sukai. Wagga in na sa ta tambaya ta za su yi ko na ga likita. Ina yaron kawunka?"

Na ce ya koma gona. Ya yi salati a hankali, irin wanda ake yi in an ji mutuwar wanda ba a sani ba sosai, ya bar mini rigunan biyu ya fita.

Da ya tafi na yi abin da duk mai ilimi zai yi, na nemi hujja. Na ɗora takardar a kan tsohuwar rigar don in tabbatar wa kaina cewa aikin ɗaya ne, Alhaji ne ya canza. Hudojin ba su hau kan zaren ba. Da'irar taubashina ba da'ira ba ce, a kwance ta fi faɗi ta gefe, kuma ɓangaren hagu ya ɗaga sama da kusan yatsa biyu. Na ciro rigata ta salla, wadda shi ya yi mini, na nemo takardarta. Ita ma haka, sai dai kaucewar ta wani wajen ce. Na zauna a ƙasa tsakanin takardu na rasa abin da zan kira abin da nake gani. Idan kuskure ne, me ya sa ya fi daidai kyau? Idan kuma gyara ne, to shekara goma sha ɗaya wani da bai gama aji uku ba yana gyara mini aiki, ni da na yi shekaru ina gyara na 'ya'yan mutane, kuma ko sau ɗaya ban lura ba.

Kwana biyu bayan haka na hau babur ɗin haya zuwa Gesheme, rairayi yana kama ƙafar babur muna sauka muna turawa. Na same shi a gona yana noman farko. Ya kai ni gindin wani gawo muka zauna, itacen da shi kaɗai a duk gonar ba ya da ganye da damina, wato dai ya zaɓa mini rana da gangan.

"Bawana ya zo gaida ubangidansa," ya ce. "Ina amarya?"

"Kai, shekara goma sha ɗaya kana kauce wa layina ba ka faɗa mini ba?"

"Ni? Wa ya isa shi kauce ma Mushe? Bi nikai. In na ga layin za shi faɗa rami dai, sai in ratse."

Na ba shi labarin Alhaji. Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce kafaɗar Alhaji ta hagu ta fi ta dama sauka, tun yana saurayi yana ɗaukar buhu, kowa ya sani. Ya ce zare in ya yi yawa wuri ɗaya yana jan shadda, sai an ba shi hanya. Ya ce takardata a kwance take bisa tebur, Alhaji kuwa a tsaye yake yawo, da tumbinsa a gaba.

Na ciro littafina da alƙalami. "To santimita nawa ake kaucewa?"

"Gwargwadon mutum."

"Wannan ba amsa ba ce."

"Shi ya sa aka kore ni lakwal."

Na tambaye shi dalilin da bai taɓa gaya mini ba. Ya ce ban taɓa tambaya ba, kuma shi bai ɗauke shi wani abu ba. Sannan ya faɗi abin da ya ƙara dagula mini lissafi. Wai da ya dawo gida wani maƙwabci ya roƙe shi ya zana masa wuyan riga a kai wa tela, ya zauna da fensir rabin yini, abin da ya fito ya yi kama da sakaina. "In ba layinka a gabana, Mushe, ban san daga ina za ni ratse ba." Na dube shi ko tsokana ce. Ba ita ba ce, kuma da ita ce da na fi samun sauƙi, don na zo ne a gaya mini ko dai ni ne sana'ar ko kuma shi ne, in san abin da zan gaya wa mai salula.

"In ci gaba ko in sayar?" na tambaye shi kai tsaye.

"Saida ka taho mu yi noma." Ya kama hannuna ya juya tafin ya duba, ya sake shi. "A'a. Bari dai."

Iyakar shawarar da na samo ke nan, sai furar da matarsa ta dama mini.

Na dawo na yi kwana uku ina warware aikin kwana huɗu da tsinin allura, a hankali, don shadda ba ta manta inda aka huda ta. Na aika wa Alhaji ya zo. Na sa ya zura rigar babu aiki, ya tsaya a tsakar ɗaki, na ɗauki allin tela na fara zana da'irar a jikinsa. Ashe Alhaji ba ya jure cakulkuli.

"Kai Mushe, ka ji tsoron Allah! Da girmana?"

"Tsaya cik, Alhaji, kana ɓata mini layi."

"Yaron kawunka bai taɓa taɓa ni ba, kallo ɗai yakai!"

"Shi ido gare shi. Ni sai na taɓa."

Da na shimfiɗa rigar a tebur, abin da na zana ya yi muni har na so in goge. Karkatacce ne, babu kompan da zai amince da shi. Na hau keke ina bin sa, hannuna yana ja ni zuwa da'irar gaskiya, ina janye shi, wani wurin kuma in rasa ko allin ne ya yi daidai ko hannun. Ban san sau nawa na tsaya ina kallon allura ba.

Ranar da Alhaji ya zo karɓa wata ya riga ya tsaya da kwana ɗaya, mai salula yana bakin ƙofata tun hantsi, yana jira cikin ladabi. Alhaji ya sa rigar, ya juya dama, ya juya hagu, ya sa hannu ya shafa ƙirji.

"Ba ta ɗaurin aure ba ce," ya ce. "Tsohuwar za ni sawa. Amma wagga ana zuwa gaisuwar mutuwa da ita, ba mai cewa komi."

Ban san ko in yi godiya ba. Ina cikin neman kalma ya buɗe jakarsa ya ciro wata rigar shadda ruwan toka da ba a yi wa aiki ba ya miƙo mini. "Gwada da wagga. In ka kai ga ta zuwa bikin suna, mu gani."

Hannuna ya karɓa kafin kaina ya gama shawara. Mai salula ya dubi shaddar a hannuna, ya dube ni, ya ce, "To Baba, Allah ya sa albarka," ya koma ɗakinsa. Na buɗe baki in kira shi in ce ban fa yanke komai ba tukuna, sai Alhaji ya tuɓe farar ya karɓi mai ruwan tokar ya zura, ya ɗaga hannuwansa sama ya tsaya a tsakar ɗaki, ya runtse ido.

"Yi maza ka zana," ya ce, "kuma ka bar hammata."