Kalmar da Kawu Ya Koya a Gadon Asibiti

Jiya a unguwar Naif ta Dubai na ji wani yana tambayar ɗan dako yarensu, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Shi ma duk wanda ya zauna da shi sai ya tambaye shi yadda suke cewa "gida".

Da ciwo ya kwantar da shi, wata nas 'yar tsibirin Borneo ce take kula da shi, ni ina yi musu tafinta.

"'Yata, wane yare kuke yi?"

"Kenyah," in ji ta. Ta ce kowane ƙauye da irin bakinsa, har suna yi wa juna dariya. Gida kuwa a nasu "uma'" ne, ana datse ƙarshen a maƙogwaro.

Kawu ya gwada, numfashi ya ƙi. Ta jiƙa masa busassun leɓɓansa, ya sake, har kalmar ta fito daidai. Ta tsaya riƙe da kofin ruwan tana hawaye. Tun zuwanta Dubai ba ta ji ta a bakin kowa ba.

Ranar da ya cika, ta rako mu har bakin motar da za ta ɗauki gawarsa.

Allah Ya sanyaya makwancinka, Kawu, Ya haɗa ka da maƙwabtan kirki.