Gaisuwar da Ta Hana Fatai Kofi

Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 16 ga Agusta, 2006, ana tsaka da ruwan sama, Allah Ya karɓi ran Abdulfatah Oladele, mai ɗab'i na unguwar Rikkos, wanda duk Jos ta sani da Fatai. Mun yi masa sutura bayan la'asar. Ya bar mace ɗaya da 'ya'ya mata biyu.

Ni mai wannan rubutu sunana Alhaji Ishaku Sale, kuma mutanen Farin Gada sun san ni. Da dakon kwandon tumatir na fara. Ba wanda ya ba ni jari, ba wanda ya tsaya mini. A aji uku na bar sakandare, sauran karatun a jarida na ƙarasa shi. Rumfar da nake zama ni na kafa ta, motocin da ke ɗaukar mini kabeji da karas zuwa kudu ni na saye su, gidan da nake ciki ni na gina, kujerar Makka ma ba kyautar kowa ba ce. Abu ɗaya ne tak a ɗakina wanda ba gumina ya kawo shi ba, shi ne kofin gasar Haɗa Mu Gani na shekarar 2004. Sunana ne a jikinsa, amma na Fatai ne. A kan wannan nake rubutu.

Ga wanda bai san shirin ba, gidan talabijin ɗinmu na nan gari ne ke yin sa da yammacin Asabar. Ana zaunar da mutum biyu. A zuba haruffa a allo, wanda ya haɗa kalmar da ta fi tsawo ya ci. Sannan a zuba lambobi, a ce ku tara, ku ɗebe, ku ninka har ku kai wani adadi. Ni ta wajen lambobi nake da ƙarfi, don wanda ya shekara yana ƙiyasta kwando nawa mota za ta ɗauka ba ya jiran alƙalami. Kai kuwa, Fatai, haruffa sana'arka ce. Tun kana yaro kake tsintar baƙaƙen dalma a shagon mahaifinka kana jera su a juye, daga dama zuwa hagu. Kalmar da aka wargaza, a wurinka aikin safe ce.

Haka muka haɗu a zagayen ƙarshe, ban san ka ba, ba ka san ni ba. Na iske ka a ɗakin jira, siriri, da tawada a farcenka. Ka miƙe ka rusuna ka gaishe ni. Na ce, "Bayarabe ne zai gwada mini Hausa yau?"

Ka ce, "Oga, a Rikkos aka binne cibiyata. Amma in ka ga na kuskure, ka gyara mini, ai kai babba ne."

Ba ka kuskure ba. Ranar na yi zufa a cikin sanyin Jos. In ka tsere mini a haruffa, in kamo ka a lambobi. Akwai inda muka kawo kalma ɗaya daidai, mai gabatar da shirin, Firisila, ta tambaye mu ko leƙen juna muke yi. Akwai lissafin da na ƙarasa kai kana kusa da shi da ɗaya, ka juyo ka tafa mini, a gaban kyamara, kamar ba da kai ake yi ba. Da aka tara maki, aka tarar mun yi kunnen doki.

Ƙa'idar raba gardama ita ce a wargaza kalma guda a allo. Wanda ya gane ta ya buga ƙararrawa, ya faɗe ta kafin agogo ya yi ƙara. In agogo ya riga shi, a zare masa maki ɗaya. Kuma wannan amsar ba Firisila ake ba wa ba, alƙalin gasa ake fuskanta kai tsaye. Alƙalin kuwa Malam Uzairu ne, tsohon malamin makaranta, wanda ya koya maka karatu a firamare.

An buɗe allo. Ni ban ga komai ba sai tarin haruffa. Ban gama duba su ba na ji ƙararrawarka. Sai ka miƙe tsaye. Ka juya wajen Malam Uzairu, ka rusuna, ka ce, "Allah Ya gafarta Malam, da izininka."

Malam kuwa, da halinsa na dattijo, ya ɗaga hannu ya ce, "Allah Ya yi maka albarka, Abdulfatah."

Ka ce, "Amin, Malam."

Agogo ya yi ƙara. A cikin ƙarar ka ce, "Tattabara."

Ita ce kalmar. Duk wanda ke ɗakin ya ji. Firisila ta rufe fuska da takardar hannunta. Malam Uzairu ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce. Aka zare maka maki ɗaya. Ni da ban buɗe baki ba, ni da ban ga kalmar ba, aka ce ni ne zakara.

Nan take na ce ban yarda ba. Na ce a kawo wata kalma, ko a ba ka abinka. Suka ce lokacin shiri ya ƙare. Da aka nuna shirin ranar Asabar, an yanke inda na yi magana, sai hotona kawai riƙe da kofi, fuska a murtuke. A kasuwa aka yi ta cewa girman kai ne ya hana ni murmushi.

A bakin ƙofa na tare ka. Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Ana gasa kana gaisuwa?"

Ka ce, "Alhaji, malamina ne. In jefa masa magana a zaune kamar ina sayen goro?"

Daga ranar ba mu rabu ba. Kakan zo Farin Gada da baƙaƙen dalma a aljihu, ka zube su a kan murfin kwando, mu yi ta karawa har masu lodi su bar aiki su kewaye mu. In ka hango ni daga nesa sai ka ɗaga murya, "Ranka ya daɗe, Zakaran Shiru!" Ni kuma in ce, "Sarkin Rusuna ya iso, a ba shi hanya." Ban taɓa barin wani ya yi mini irin wannan wasa ba. Kai kaɗai ne.

Akwai abin da iyalinka ma ba su sani ba sai yau. Bara aka yi mini aikin ido. Na rufe ƙofa, na ce ba na son 'yan dubiya, don ba na so a gan ni ana riƙe mini hannu zuwa alwala. Kai ba ka zo dubiya ba. Ka zo ka ce wa maiɗakina kana neman abokin gwaji, wai ƙwaƙwalwarka ta fara tsatsa. Kullum da yamma ka rufe shago, ka zo da jarida, ka karanta mini ita tas. In ka kai kan babban labari sai ka wargaza kalmar farko, ka faɗo mini haruffan da baki, ka ce in haɗa. Har aka cire mini bandeji ba ka taɓa ce mini sannu ba. Ka san ba zan so ba.

Lokacin da motata ta kife a hanyar Kuru, tumatir ya malale a kwalta, kai ne ka riga direbobina isa wurin. Na same ka ka naɗe ƙafar wando kana tsintar mai kyau tare da matan ƙauye, kana yi musu ciniki da Hausarka mai daɗi don kada kayan su lalace a banza. Da na ce ka bari, ka ce ai hannunka ya saba da tsinta.

Duk wannan bai sa na bar maganar gasar ba. Na yi ta zarya gidan talabijin ina neman a sake haɗa mu. Kai kana dariya kana cewa in bar mutane su huta. Na ce maka ni ban iya riƙe abin da ban ci ba, kuma 'ya'yanka sun cancanci su ga ubansu ya ɗaga kofi. Wannan ta biyun ce ta sa ka daina dariya. A farkon damina masu gidan talabijin suka amince. Suka ce bayan Sallah ƙarama za a yi karawa ta musamman, ni da kai, wanda ya ci a rubuta sunansa. Na dawo na ajiye jarida na kama gwajin haruffa kamar ɗan jarrabawa, don ban yi niyyar sakar maka ba. Da za ka ci, da ƙarfinka za ka ci.

Sai ciwon ƙirji ya kwantar da kai.

Zuwana na ƙarshe asibiti, na tarar ka rame har agogon hannunka yana zamewa. Da ka gan ni ka dafa gado za ka tashi. Na ce, "Wallahi in ka rusuna mini a nan, fita zan yi."

Ka koma ka kwanta kana murmushi. Ka ce, "Zakaran Shiru, na yi shiri. Wannan karon tun a bakin ƙofa zan gaida Malam. In mun shiga ciki ba ruwana da kowa."

Na ce, "Ka warke tukuna, mai cika baki."

Ka ce, "Ka dai je ka yi gwaji."

Na fito na tsaya a baranda har ruwa ya ɗauke. Ban sake jin muryarka ba.

A wurin jana'iza Malam Uzairu ya zo, ana riƙe da shi. Da aka gama ya kama hannuna ya ce, "Alhaji, da ban amsa masa ba, da ya faɗa a kan lokaci. Amma yaro ya gaishe ka, ka yi shiru?" Hawaye na bin gemunsa.

Ranar sadakar uku na naɗe kofin a zane na kai Rikkos. Maiɗakinka Monsurat, wadda muke kira Iya Teniola, ta buɗe ta duba, ta mayar mini da hannu biyu. Ta ce, "Baba Alhaji, mun gode. Amma sunanka ne a jiki. In yaran suka tambaye ni, me zan ce musu?" Gaskiyarta. Zan iya kai shi wajen maƙeri yau ya goge sunana ya sa naka, amma wannan zai zama alfarma ce na yi maka, kuma kai ba alfarma kake bukata ba.

Allah Ya jiƙanka, Fatai. Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa ladabin da ka yi wa manya da ƙanana ya tsaya maka ranar da ba mai tsaya wa wani. Allah Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Iya Teniola, da 'ya'yansa Teniola da Kausar, da dangin Oladele na nan Jos da na kudu, da masu ɗab'i na Rikkos. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Saura ku shugabannin gidan talabijin. Faifan ranar yana hannunku, wanda ba a yanke ba. Firisila tana nan. Malam Uzairu yana raye, kuma ya ce a shirye yake ya faɗa a gaban kyamara cewa shi ya cinye lokacin. Ranar Asabar mai zuwa zan kawo muku kofin da kaina in ajiye a kan teburinku, kuma ba zan sake taɓa shi ba. Ba roƙo nake yi ba. Ku kira 'ya'yansa biyu cikin shirin, ku faɗa da bakinku kowa ya ji, sannan ku rubuta shi cikakke a jikin kofin da cikin tarihin gasarku: Abdulfatah Oladele, na Rikkos, zakaran shekarar 2004.