Yadda Gammo Ya Koma Ramuwa

Maccido ya fara neman abinci da dakon albasa a kasuwar Goronyo, har aka laƙaba masa Gammo. Allah ya buɗa masa, ya koma mai loda motoci zuwa kudu, ya je Makka, ya yi gidan siminti a Taloka. Duk da haka in an ce Alhaji Maccido sai wani ya tambaya, "Wane? Gammo?" Sunan nan yana ci masa rai. Ni dai ban taɓa tausaya masa ba, don shi ma ba ya raga wa 'yan dakonsa.

Da ya rasa ta yi, sai ya yanke cewa agogo ne ya raba shi da manya. Ya tafi Sakkwato wajen wani dillali, aka shimfiɗa masa guda biyu a kan ƙyalle, duka marasa batir. Ɗaya siriri ne mai maɗaurin fata, sai an wana shi kowace safiya. Ɗayan mai ruwan zinariya, bayansa gilashi, ana ganin hanjinsa na juyawa, kuma motsin hannu kaɗai yake ci. Dillalin ya fara bayani, Maccido ya tare shi.

"Bar wanga zance. Wanne yaf fi nauyi?"

Mai hali ba ya fasa halinsa. Ya ɗauki mai nauyin, ya ɗaura a hannun dama don duk wanda ya ba shi hannu ya gani. In zai kwanta kuwa, a kan ƙatuwar rediyonsa yake ajiye shi. Maganaɗisun lasifika ya shiga agogon, ya riƙa gudu, mai shi bai sani ba.

Azumin waccan shekarar cikin damina ya faɗo. Wata yamma hadari ya rufe rana ruf, mutane suna zaune a ƙofar masallaci da ƙoƙunan kunu. Isa ladan, tsoho ne da ba ya kallon komai sai rana, ya tsaya yana ɗaga kai. Maccido ya janye hannun riga.

"Isa, kira salla, lokaci ya yi."

Malam Atiku na firamare ya duba wayarsa ya ce, "Alhaji, da saura."

"Mi kas sani? Wanga agogo ya hi gidanka daraja."

Isa, wanda hatsin Maccido ke cikin rumbunsa, ya kama kunne ya kira. Unguwa duka ta sha ruwa, har mata a cikin gida. Ana cikin lasar baki hadarin ya yage, sai ga rana jajur a kan bishiyoyi. Liman ya ce kowa ya rama azumin yini ɗaya bayan ƙaramar salla.

Daga ranar ba a sake ce masa Gammo ba. Ramuwa ake cewa, kuma wannan ko zinariya ba ta kankare shi. Ya raba shinkafa, ya saya wa masallaci lasifika, duk a banza.

Bana aka ɗaura auren ɗansa Bashar a Wurno. Sanƙiran baƙo ne, ya tambayi sunan uban ango aka gaya masa. Ya ɗaga murya da dukan ladabi ya yi shelar auren ɗan Alhaji Ramuwa. Babu wanda ya yi dariya, babu kuma wanda ya gyara masa. Maccido ya sa hannu a aljihu ya ba shi tukuici.